Neman haihuwa: daga ina ake farawa?

A Assakio, kamar sauran garuruwanmu, idan aure ya shekara biyu ba a ji kukan jariri ba, ido yakan koma kan matar. Ita ake kai wa jiƙo da rubutu, ita ake kira juya a bayan ido. Mijin kuwa ana ba shi shawarar ƙara aure. Likitoci ba haka suke ganin lamarin ba: a kusan rabin ma'auratan da ke fama da wannan matsala, namiji na da hannu a ciki, ko shi kaɗai ko tare da matarsa. Kuma matsalar ba baƙuwa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida yakan gamu da ita a rayuwarsa.

Yaushe ya kamata a ga likita? Bayan shekara guda ana saduwa ba tare da tsarin iyali ba, ciki bai shiga ba. Idan matar ta haura shekara 35, wata shida ya isa, domin ƙwayayen mace suna raguwa da shekaru.

A ganina gwajin maigida ya kamata a fara yi, don ya fi sauƙi kuma ya fi araha. Zai ƙaurace wa iyali na kwana biyu zuwa bakwai, ya ba da maniyyi, a duba yawan ƙwayoyin da motsinsu da siffarsu. Ƙarfin namiji a shimfiɗa daban, lafiyar ƙwayoyinsa daban, kuma haihuwar da ya yi shekaru goma baya ba shaida ba ce a yau. Ciwon sanyi da ba a magance ba, ko hangum da ya kama shi bayan balaga, na iya yin ɓarna a ɓoye. Ita matar ana duba ko tana sakin ƙwai, a ɗauki hoton mahaifa, a ga ko bututunta a buɗe suke. Toshewar bututu ta yi yawa a ƙasashenmu, sau da yawa sanadin cutar da ta biyo bayan haihuwa ko ɓari. Shi ya sa za ka ga mace ta haifi ɗaya, shiru ya biyo baya. Irin wannan bincike, likitan mata a babban asibiti a Lafia ko Keffi zai iya fara shi.

Ba kowa ke buƙatar dashen ƙwai ba. Wata macen ƙwayar magani mai sa sakin ƙwai ce za ta wadatar da ita, wata kuma tiyatar cire ƙari. Akwai kuma hanyar tace maniyyin miji a zuba shi cikin mahaifa a lokacin da ya dace.

Dashen da ake kira IVF shi ne a ciro ƙwan mace, a haɗa da maniyyi a ɗakin gwaji, bayan kwana uku zuwa biyar a mayar cikin mahaifa. "Jaririn kwalba" suna ne kawai, a cikin uwarsa yake girma. An haifi jaririya ta farko ta wannan hanya, Louise Brown, a Ingila a 1978, kuma a 1998 Dokta Ibrahim Wada ya yi nasarar irin wannan aiki a asibitin Nisa na Abuja. Sai dai kuɗinsa miliyoyin naira ne a zagaye guda, kuma babu tabbas: ko ga mace 'yar ƙasa da 35, kusan ɗaya cikin uku ke dacewa a gwaji ɗaya, bayan 40 kuwa abin yakan yi ƙasa sosai. Duk wanda ya ce maka ɗari bisa ɗari, riƙe aljihunka. A 2024 binciken BBC ya bankaɗo masu yaudarar mata a Anambra da "ɓoyayyen ciki" wanda wai hoto ba ya gani, ƙarshe a miƙa musu jaririn wata.

Batun addini fa? Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta dashe idan ƙwai na matar ne, maniyyi na mijinta, mahaifar ma tata. Ta haramta aron ƙwai ko maniyyi ko mahaifa, saboda kare nasaba. Cocin Katolika ba ta amince da IVF ba, wasu majami'un kuwa sun bar wa ma'aurata zaɓi. Don haka kafin sa hannu a takarda, a tambayi asibitin ƙarara ƙwan wa da maniyyin wa za a yi amfani da su, da kuma yadda za a yi da ragowar ƙwayayen da aka haɗa idan an daskarar da su.