Takardar wuta: me ke kumbura ta, ta ina za a rage ta?

Daga watan Maris har zuwa faɗuwar ruwan farko, zafin rana a ƙasar Damargu yakan haura digiri 40. A wannan lokaci fanka ba ta hutawa, firigo ba ya hutawa, kuma a lokacin ne takardar wuta, wato faktir, ke zuwa da kuɗin da ke sa magidanci ya yi tagumi. Ma'aikacin gwamnati a Tanut albashinsa bai san bazara ba. Ɗan kasuwar Falanko ko na Balbeji mai gida ko shago a birni, shi ma ribar wata guda tana iya tafiya ga wuta. Da yawa suna biya suna gunaguni, ba tare da sun san yadda aka yi lissafin ba. Alhali kuwa lissafin bai fi ƙarfin wanda ya iya awon hatsi ba.

Daga ina wutar take zuwa?

Kamfanin NIGELEC, wanda aka kafa a 1968, shi ke sayar da wuta ga gidaje a Nijar, amma ba dukanta yake samarwa da kansa ba. Tun 1976 layi ya haɗa Birnin Kabi da Yamai. A 1994 wani layin ya taso daga Katsina zuwa Gazawa, ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. A 2022, wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar kamfanin daga Nijeriya aka sayo ta. Kowa ya ga abin da wannan ke nufi a watan Agusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke layin saboda takunkumin CEDEAO, ba ta maido shi ba sai a watan Maris na 2024.

Inda layi bai kai ba, ko idan ya gaza, injunan gazuwal ake tayarwa, wutarsu kuwa ta fi tsada nesa ba kusa ba. Matatar man SORAZ, wadda aka buɗe a 2011, tana cikin gundumar Tanut, amma zamanta kusa da mu ba ya sauya kuɗin wuta, domin farashin na ƙasa ne baki ɗaya. Tun 2015 akwai hukuma mai suna ARSE da aka ɗora wa sa ido a kan farashin da kuma hulɗar kamfani da masu shan wuta.

Tiyar wuta

Yadda ake auna gero da tiya, haka ake auna wuta da kilowat-awa, wanda kowa ke kira kilowat a taƙaice. Kowane kayan wuta yana da ƙarfinsa a rubuce a jikinsa, lamba da harafin W, wato wat. Abu mai wat 1.000 idan ya yi awa guda a kunne, ya sha kilowat ɗaya. Mai wat 100 kuwa sai ya yi awa goma kafin ya sha haka. Dabarar ke nan: a ninka wat da awowin aiki a yini, a ninka da kwana 30, a raba da 1.000.

Ga inda ƴan kasuwa ya kamata su buɗe kunne. A kasuwa, mai sari ya fi mai sayen tiya guda samun sauƙi. A wajen wuta abin juye yake: gwargwadon yawan shanka, gwargwadon tsadar tiya. A tsarin da aka soma aiki da shi a watan Janairu na 2018, an ware wa masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda ba su wuce kilowat 50 a wata ba, farashin wajen sefa 59. Ga gida mai kontar ta kilowat 3 kuwa, an yi hawa uku: kilowat 150 na farko wajen sefa 68 kowane, daga 151 zuwa 300 wajen sefa 90, abin da ya haura 300 kuma wajen sefa 127. Mai karatu ya dubi takardarsa ta wannan wata, zai ga farashin da ake yi masa lissafi da shi, hawa hawa.

Mu gwada da waɗannan alƙaluma. Gidan da ya sha kilowat 350, na farkon 150 sun tashi jika 10 da ƴan kai, na biyun jika 13 da rabi, 50 na ƙarshe kuwa su kaɗai sun haura jika 6. Jimla jika 30, kafin a ɗora kuɗin kontar na kowane wata da haraji. Akwai TVA, dokar kasafin kuɗi ta 2018 kuma ta biyo da harajin mazauni ta takardar wuta. Abin lura shi ne, kilowat na ƙarshe ya kusa ninka na farko tsada. Saboda haka duk kilowat ɗin da mutum ya rage, daga hawa mafi tsada yake fita.

Kontar ɗaya, gida huɗu

A garuruwanmu an saba ganin kontar ɗaya tana ciyar da gidan haya mai ɗakuna da yawa, ko a ja waya a ba maƙwabci don zumunci, ko a haɗa shago da gida. Ana yin haka don gudun kuɗin sa sabuwar kontar. To, ga abin da yake jawowa. Iyali huɗu, kowane na shan kilowat 100 a wata. Da kowa da kontarsa, duka suna cikin hawa na farko, kuɗin wutarsu gaba ɗaya jika 27 da ƴan kai. A kontar ɗaya kuwa sun zama kilowat 400, kuɗin ya haura jika 36. Bambancin jika 9 ne kowane wata, sama da jika 100 a shekara, ba tare da kowa ya ƙara ƙwai ko ɗaya ba. Ko an cire kuɗin wata na ƙarin kontocin, mai lissafi ya san inda riba take. Ga kuma husumar ƙarshen wata a kan wanda ya fi sha, wadda ta raba maƙwabta da dama.

Su wa ke cin kuɗin?

Yawanci yara ake yi wa faɗa a kan cajin waya da talabijin, alhali ba nan gizo ke saƙa ba. Cajin waya ƴan wat kaɗan ne. Manyan maciya su ne duk abin da ke kawo sanyi ko zafi.

Kilim mai wat 1.100, idan injinsa ya yi awa 8 yana aiki kowane dare, ya sha kilowat 264 a wata, shi kaɗai ya kusa kai gida hawa na uku. Fankar sama mai wat 75, awa 12 a yini, kilowat 27 ce. Huɗu sun zama 108. Ƙwan lantarki irin na da mai wat 60, awa 6 a dare, kusan kilowat 11 ne a wata, amma ƙwan LED mai wat 9 mai haske kamarsa bai kai 2 ba. Gida mai ƙwai goma da ya sauya su ya rage kilowat 90 da ɗoriya. Dutsen guga da ƙarfen dafa ruwa kuwa, kowane wajen kilowat ɗaya yake sha a awa.

Sai firigo da kwanjilatar, musamman tsofaffin da ake sayowa na hannu. Robar ƙofa idan ta saki, sanyi na fita, inji ba ya tsayawa. Gwajin mai sauƙi ne: a maƙala takarda a bakin ƙofa a rufe, in ta zame ba da ja ba, robar ta mutu. A nisanta shi da bango, a raba shi da rana da murhu, a share ƙurar da ke taruwa a bayansa, wadda ba ta ƙarewa a ƙasarmu, kada kuma a sa abinci da zafinsa. Matan da ke sana'ar ƙanƙara da lamurje, musamman cikin azumi, ya kyautu maigida ya zauna da su a fitar da kuɗin wuta daga ciniki. Sana'ar tana da riba, amma idan kwanjilatar ce ke tura gida hawa na uku, wani lokaci ribar uwargida daga aljihun maigida take fitowa.

Abin da za a yi tun wannan wata

Na farko, a sayi ƙaramin littafi, a riƙa rubuta lambar kontar kowace Juma'a. Takardar wuta tana ɗauke da lambobi biyu, « ancien index » da « nouvel index ». Bambancinsu shi ne abin da aka sha. Idan sabuwar lambar da ke takarda ta wuce wadda ke jikin kontar, a je ofishin kamfani da littafin da hoton kontar a nemi gyara. Mai hujja a hannu ba ya buƙatar ɗaga murya. A kuma tabbata mai karanta kontar yana samun shiga, don kada a yi wa gida ƙiyasi.

Na biyu, a kashe kome a gida, a cire daga bango, a tsaya gaban kontar. Idan tana ci gaba da tafiya, ko dai waya na yoyo, ko wani na sha a ɓoye. A kira ƙwararren mai gyaran wuta. Kada a yarda da mai cewa zai « rage wa kontar gudu »: wannan sata ce, ƙarshenta tara da yanke wuta, wani lokaci har gobara.

Na uku, a sauya ƙwai, a tara guga a yi ta sau ɗaya a mako, a kashe fanka a ɗakin da babu kowa, domin fanka jiki take sanyayawa, ba ɗaki ba. Mai kilim ya tsayar da shi a digiri 25 ko 26, ya toshe kafofin ƙofa da taga, ya wanke matacinsa. Inda ake samun kontar da ake biya kafin a sha, tana taimaka wa mutum ya ga kuɗinsa na tafiya yau da gobe.

A ƙauyukan Damargu da yawa layi bai iso ba tukuna, faranti mai hasken rana ne ke ba da wuta. Lissafin nan ɗaya ne a can ma. Faranti mai wat 300 yakan ba da wajen kilowat ɗaya da rabi a yini idan ana share masa ƙura, kuma batir ne ya fi cin kuɗi. Wanda ya san abin da kayansa ke sha ba zai sayi abin da ya gaza masa ba, ba kuma zai kashe batir cikin shekara guda ba.

Farashin kilowat ba a hannun magidanci yake ba. Wannan magana ce ta gwamnati da ARSE, kuma ƙungiyoyin kare masu saye suna da ta cewa a ciki. Amma yawan kilowat ɗin da hawan da gida zai tsaya a kai, suna hannunsa. Bazara mai zuwa ba za ta fi ta bana sauƙi ba, sai a fara rubuta lambar kontar tun Juma'ar nan.