HASUMIYAR EFEL: ƙarfen da fenti ke riƙe da shi

Duk ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati da tafiya ta kai shi birnin Pari, in ya komo gida tambayar farko da za a yi masa ita ce: ka hau hasumiyar Efel? Hausawa na cewa gani ya kori ji. To amma da yawa daga cikin masu zuwa tsawonta kawai suke gani, su ɗauki hoto, su juyo.

Hasumiyar tana bakin kogin Sen. Kamfanin injiniya Gustab Efel ya fara aikinta a watan Janairu na 1887, ya gama ranar 31 ga Maris 1889, wato shekara goma kafin sojojin Faransa su shiga Damagaram. An gina ta ne saboda babban baje kolin duniya na cikar shekara 100 da juyin juya halin Faransa. An haɗa ƙarafa 18.038 da ƙusoshi miliyon biyu da rabi. Har zuwa 1930 babu ginin da ya kai ta tsawo a duniya. Tun 2022, da aka ƙara mata eriya, tsawonta metir 330 ne.

Baƙo kan ratsa wurin bincike tukuna, domin tun 2018 an kewaye gindinta da katangar gilashi. Wanda bai sayi tike ta intanet ba, sai ya yi haƙurin dogon layi, ya kuma kula da aljihunsa. Hawa uku gare ta: na farko a metir 57, na biyu a metir 115, na uku a metir 276. Mai ƙarfin gwiwa na iya taka matakala 674 zuwa hawa na biyu. Daga nan sai asansar. Can ƙoli iska na kaɗawa, motoci sun koma kamar tururuwa, kogin kuwa kamar zare. Da dare, a farkon kowace awa, fitilu 20.000 ke ƙyalƙyali na minti biyar.

Abin da baƙo bai cika sani ba shi ne, da ƙyar wannan gini ya sha. Tun a 1887 manyan marubuta da masu fasaha, cikinsu har da Mopasan, suka sa hannu a takardar ƙin amincewa da shi, suna ganin zai ɓata kyan birnin. Izinin da aka ba Efel kuma na shekara 20 ne kacal. Amfani ne ya cece ta: sojoji suka ga ƙolinta ya dace da aika saƙo ta wayar iska, sai aka sabunta izinin a 1910.

Sauran abokin gaba ɗaya, shi ne tsatsa. Shi ya sa kusan kowace shekara bakwai ake sake mata fenti, kimanin tan 60, da hannu, da buroshi, masu aikin suna rataye da igiya tsakanin sama da ƙasa. Ba wasa ba ne: a watan Fabrairu na 2024 ma'aikatanta sun yi yajin aikin da ya rufe ta kwana shida, suna kukan cewa ba a ware isassun kuɗi don gyara ba, alhali mutum sama da miliyon shida ne suka biya suka hau ta a 2023.

Nan ne darasin yake. A wurare da yawa, ranar buɗe sabon gini ake kiɗa da jawabi, sannan a bar shi ga rana da damina, sai ya tsage a shiga neman tallafi. Saboda haka wanda Allah ya kai shi gindin hasumiyar Efel, bayan ya gama ɗaga kai yana kallon ƙoli, ya matso kusa ya dubi jikin ƙarfen. Ba tsawo ne ya tsayar da ita fiye da shekara 130 ba, buroshi ne.