Linzami ba ya hana yaro magana

A ƙauyukan Batsari da Safana, idan yaro ya shekara biyu bai fara haɗa kalmomi ba, kakarsa kan ɗaga harshensa ta leƙa. Da ta ga siririn tantanin da ya haɗe harshe da ƙasan baki, sai a ce linzami ne, a kirawo wanzami.

Kowa fa yana da wannan tantani. Sai ya yi gajarta ko kauri har ya riƙe kan harshe, yaro ya kasa fito da shi ya wuce dasashi, sannan ya zama larura. An fi ganinsa ga 'ya'ya maza, kuma illarsa da likitoci suka fi tabbatarwa tana wajen shan mama: jariri ya kasa kama nono, uwa ta sha ciwon kan nono, yaro ya ƙi ƙiba.

Ta fuskar magana, linzami na iya hana yaro furta ra, la, ta da ɗa, sautukan da sai kan harshe ya tashi sama. Amma irin wannan yaro yana surutunsa, harafi kawai ke gagararsa. Wanda ya yi shiru gaba ɗaya, ko ba ya waiwayowa in an kira shi ta baya, kunnensa za a fara dubawa. Sanƙarau, ƙyanda, ruwan kunne da shawarar jarirai duk suna iya taɓa ji, kuma yankan harshe ba ya dawo da shi. Ko a Amurka, ƙungiyar likitocin yara ta yi gargaɗi a 2024 cewa ana yawan yin aikin ba da dalili ba.

In ya zama dole, aikin ƙarami ne. Ga jariri, almakashi mai tsabta da 'yan daƙiƙu sun isa, ya koma nono nan take. Babban yaro sai an sa shi barci, a yanke a ɗinke, daga baya a riƙa koya masa furuci, don harshen da ya saba ba ya gyaruwa rana ɗaya.

Abin da ya sa nake tsoron askar gida shi ne jijiyoyin jini da hanyoyin miyau da ke kwance a wurin. Kuskure kaɗan, jini ya ƙi tsayawa, ga tetanus da ciwon hanta. Ga wanda ke gefen dajin Rugu, inda fita da dare kasada ce, jini ya ɓalle bayan magariba ba ƙaramin tashin hankali ba ne. A fara da babban asibitin Batsari ko na Dutsin-Ma. Su za su tura yaro Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, wajen likitocin kunne, hanci da maƙogwaro.