Yadda aka tsara mujallar waƙa ta ƴan mata a ƙasar Faransa

Masu iya magana sun ce kowa ya ga zabuwa, da zanenta ya gan ta. To, mujalla ba hakanan take ba. Zanenta, mutane ne suka zauna suka shata shi. Hoton da ke bisa bango, da launin rubutu, da kalmar da aka zaɓa, duk akwai wanda ya yi shawara a kansu, akwai kuma abin da yake nema. Don mu gane wannan aiki, jama'a masu karatu, bari mu duba wata mujalla ta ƙasar Faransa mai suna Mademoiselle Âge Tendre, wadda aka yi domin ƴan mata masu tasowa. Ta riƙa fita kowane wata, daga shekara ta 1964 zuwa 1974.

Mafarin al'amari

Bayan yaƙin duniya na 2, haihuwa ta yawaita a Faransa. Tun daga 1946 ana samun jarirai fiye da 800.000 kowace shekara. Da aka shiga 1960, waɗannan yara sun fara zama samari da ƴan mata. A 1959 kuma gwamnati ta yanke cewa karatun dole zai kai har shekara 16, dokar da ta soma aiki a 1967. Ga yawa, ga iya karatu, ga ɗan kuɗɗin kashewa da iyaye ke ba su. Sannan ga ƙaramar radiyo mai pil, wadda yarinya ke iya shiga ɗaki da ita, ta saurari abin da take so, ba sai wanda ubanta ya kunna ba.

Mutum biyu, Daniel Filipacchi da Frank Ténot, sun lura da wannan. A 1959 suka buɗe wani shiri na waƙoƙin matasa a gidan radiyon Europe n°1, mai suna Salut les copains, watau gaisuwa ga abokai. Ana sa shi da ƙarfe 5 na marece, daidai lokacin tashi daga makaranta. A 1962 suka fid da mujalla mai wannan suna, da hoton mawaƙi Johnny Hallyday bisa bangon lamba ta fari. Ba a daɗe ba abin da ake bugawa ya doshi miliyan 1. Ranar 22 ga watan yuni 1963, wasan da suka shirya a dandalin Nation, cikin birnin Pari, ya tara matasa wajen 150.000. Bayan wannan taro ne masanin zaman jama'a Edgar Morin, cikin jaridar Le Monde, ya laƙaba wa wannan zamani sunan yeye.

Mi ya sa aka ware ƴan mata?

Mujalla ta fari ta kowa ce, maza da mata. Amma akwai abin da yarinya ke son sani wanda namiji bai damu da shi ba: wace riga Sylvie Vartan ta sa, yaya Françoise Hardy ke gyara gashinta, ina Sheila ta samu takalminta. Akwai kuma tambayoyin da ba ta iya yi gaban samari. Saboda hakanan aka kafa ta biyu a 1964, aka damƙa ragamarta ga wata matashiya, Anne-Marie Périer, ƙanwar Jean-Marie Périer, mai ɗaukar hoton mawaƙan Salut les copains. Dabara ce babba, domin wadda shekarunta ba su yi nisa da na masu karatu ba ta fi sanin abin da ke ransu. Daga baya ita ce ta shugabanci babbar mujallar mata, Elle.

Ginin mujalla, shafi bayan shafi

Aiki na fari shi ne bango. A wurin mai sayar da jaridu, mujallu suna jere, wannan ta rufe rabin waccan. Shi ya sa ake ɗora suna can bisa, da manyan baƙaƙe, a kuma sa fuska mai kallon mai wucewa ido da ido. Cikin ƙiftawar ido yarinya za ta yanke ko ta saya ko ta wuce.

Na biyu, lissafin shafuka. Maɗaba'a tana buga shafuka da yawa bisa babbar takarda guda, sannan a naɗe, a yanke. Don haka yawan shafuka ke tafiya 4-4, ko 8-8, ko 16-16. A wancan zamani bugun launi ya fi na baƙi da fari tsada ƙwarai, sai mai tsarawa ya tara hotunan launi bisa takarda ɗaya. Tsakiyar mujalla, inda ƙarfen ɗinki yake, nan ne wurin babban hoto, don a iya cire shi ba tare da an yage ba, a manna ga bangon ɗaki. Mai hankali ba ya sa muhimmin labari bayan wannan hoto, tunda gobe yana manne da bango.

Na uku, harshe. Ba a cewa malam wane ko madam wance. Johnny ne, Sylvie ce, Françoise ce, tamkar ƴan unguwa ɗaya. Mawaƙiya kuma ba a tsaya ga nuna ta bisa dandali ba: ana nuna ta cikin gida, ko kan hanya, ko tana gwada tufafi. Mai karatu sai ta ji cewa tsakaninta da tauraruwa taki ɗaya ne.

Na huɗu, lokaci. Shafukan launi suna zuwa maɗaba'a makonni kafin fitowa, alhali waƙa tana iya tashe yau, gobe a manta da ita. Tilas shugabar mujalla ta yi hasashe. A nan ne haɗin radiyo da mujalla ya yi amfani: wanda ke sa faifai da marece, shi ne kuma mai buga hoton mai faifan.

Na biyar, muryar masu karatu. Akwai shafin wasiƙu, akwai kuma gasa ta shekara-shekara, inda ake zaɓen yarinya guda cikin masu karatu, a ba ta sunan mujallar. Ta haka kowace ke ganin cewa ita ma tana da wuri a ciki.

Wa ke biya?

Ga inda gizo ke saƙa. Kuɗɗin da yarinya ke bayarwa ba su kaɗai ke riƙe mujalla ba, akwai na masu talla: masu tufafi, masu man shafawa, masu faifai. Wasu mawaƙan ma, irin su Sheila da Sylvie Vartan, sun sa sunansu bisa tufafin sayarwa. Idan tauraruwar da ke cikin labari ita ce kuma ke cikin talla, yaya ƙaramar yarinya za ta raba shawara da ciniki?

Wannan tambaya ba yau aka fara ta ba. A 1966, cikin fim ɗinsa Masculin féminin, Jean-Luc Godard ya sa an yi hira da wadda ta ci gasar mujallar, ya kuma ba hirar take mai zafi, wanda ya kamanta ta da hajar kasuwa. Wasu sun ga gaskiya ya faɗa. Wasu kuwa sun ga raini ne ga ƴan mata, domin wannan mujalla ta ɗauki damuwarsu da muhimmanci a lokacin da manyan jaridu ba su kula da su ba. Kowane ɓangare yana da hujjarsa.

Hukuma ma tana da nata ido. Dokar 16 ga watan yuli 1949 ta kafa kwamiti a ma'aikatar shari'a ta Faransa, mai duba abin da ake buga wa yara da matasa. Sai dai doka tana iya hana batsa ko yabon sata, amma ba ta iya auna abin da hoton siririyar tauraruwa ke sa wa zuciyar yarinya mai duba madubi. Wannan nauyi yana wuyan mai tsarawa.

Abin da ya rage

Mujallar ta tsaya a 1974, bayan zamanin yeye ya wuce. A Ingila, Smash Hits, wadda Nick Logan ya kafa a 1978, ta ja matasa da buga baitocin waƙoƙi da manyan hotuna, ita ma ta rufe a 2006, lokacin da intanet ta fara ba da waɗannan abubuwa kyauta. Yau hoton da ake mannawa ga bango ya koma cikin wayar salula.

Takarda ta ja baya, amma tambayoyin mai tsarawa suna nan: wa zan sa a gaba, da wane harshe zan yi magana, ina iyakar labari, ina mafarin talla? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, masu talla kuwa sun san da haka sarai. Ya kamata iyaye, da malamai, da ma'aikatan hukuma su ma su sani, su kuma koya wa ɗiyansu mata su riƙa tambaya, duk sa'ad da suka ga hoto mai kyau: wa ya zaɓe shi, mi kuma yake so da ni?