Cyprian Ekwensi: Ɗan Minna Mai Rubuta wa Yara Labari

An haifi Cyprian Ekwensi a Minna ranar 26 ga Satumba, 1921. Iyayensa Inyamurai ne 'yan Nkwelle Ezunaka ta jihar Anambara ta yanzu. A wancan zamani Minna ba ta zama babban birnin jiha ba, sai a 1976. Gari ne na jirgin ƙasa, mahaɗar layin Baro da na Ikko zuwa Kano, inda Gbagyi da Nufawa da Hausawa da baƙi daga Kudu ke cuɗanya. Mahaifinsa, David Anadumaka, maharbin giwa ne, kuma gwanin ba da labari.

Yawo bai bar Ekwensi ya zauna wuri ɗaya ba. Ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Ibadan da Kwalejin Achimota ta Gana, ya koyi aikin gandun daji, ya yi shi na shekara biyu. Daga baya ya koma ilimin haɗa magunguna a Ikko da Landan, ya koyar a Kwalejin Igbobi, ya yi aikin rediyo, har ya zama daraktan yaɗa labarai na Gwamnatin Tarayya kafin yaƙin basasa. Manya sun fi saninsa da Jagua Nana na 1961, amma littattafan da suka fi shiga hannun jama'a su ne ƙananan da ya rubuta wa 'yan makaranta, kuma yawancinsu tsarabar wannan yawo ce.

The Passport of Mallam Ilia, wanda ya fito a 1960, shi ne bakandamiyarsu. A cikin jirgin ƙasa ake ba da labarin: wani dattijo ke zayyana wa wani saurayi yadda ya ƙarar da rayuwarsa yana farautar Malam Usman, mutumin da ya yi sanadin mutuwar matarsa Zara, har bin sawun ya kai shi Makka. Akwai wasan shanci, akwai dawakai da takubba, akwai ramuwar gayya da ke cin mai ita. Babi gajeru ne, jimloli ba sarƙaƙiya, kowane babi kuma yana ƙarewa inda yaro ba zai iya ajiye littafin ba. Wannan dabara ta mai tatsuniya ce, ba ta malamin aji ba. A shekarar ne kuma aka buga The Drummer Boy, labarin Akin, makahon yaro makaɗi. Burning Grass na 1962 ya bi Bafulatani Mai Sunsaye, wanda ciwon sokugo ya hana shi zama, kuma an daɗe ana karanta shi a sakandare.

Akwai wurin da aka yi masa tsegumi. An African Night's Entertainment na 1962 ya yi kama ƙwarai da Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda ya riga shi fitowa da kusan shekara talatin. Duk wanda ya karanta su biyun zai ga zubin labarin ɗaya ne, kuma manazarta sun daɗe suna muhawara a kan haka.

Haɗuwarsa da masu karatu ƙanana ta fi yawa ta hanyar aji. A lokacin da ya fara, littattafan Turanci da ake ba ɗalibai galibi labaran Ingila ne. Nasa suka zo da tasha da ruga da sunayen da yaro ke ji a unguwarsu. Ya rasu a Inugu ranar 4 ga Nuwamba, 2007.

Minna kuwa ba ta daina fitar da marubuta ba. Nan aka haifi Ben Okri a 1959, kuma marigayi Abubakar Gimba, tsohon shugaban Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, a nan ya yi zamansa. Abin da ya sauya shi ne yaran sun tashi daga masu karatu kawai zuwa masu rubutu: gidauniyar Hill-Top da B.M. Dzukogi ya kafa tana horar da 'yan sakandare rubutun waƙa da ƙagaggen labari, tana buga ayyukansu, tana kuma shirya bikin HIASFEST da ke tara ɗalibai daga jihohi daban-daban a Minna.