Kafin ka sake sayen fulogi: yadda wayarka za ta gano ciwon tsohuwar mota

Da yammacin wata Asabar a lokacin hunturu, muna tafe daga Kano za mu gida Kankia ni da yayana. Mun wuce Yashe, mun rage gudu a Gidan Mutum Ɗaya, sai motar ta fara rawa kamar mai jin sanyi, ta mutu. Aka tayar ta tashi, amma da zarar ya ɗaga ƙafa daga totur sai ta nemi sake mutuwa. Haka muka lallaɓa muka shiga Kankia ana kiran magariba.

Motar ƙirar 2005 ce, 'yar Amurka, kuma cikin wata biyu ta ci masa kuɗi sau uku. An canza fulogi, an canza famfon mai, an wanke nozul. Kowane gyara sai ta yi kwana biyu lafiya ta koma. Shan manta kuwa ya ƙaru, ga shi tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowace lita ta zama abin lissafi. Magana ta gaba da aka faɗa masa ita ce ya tanadi kuɗin biren bokis, wato kwamfutar motar.

Na ce, "Yaya, bari mu tambayi motar da kanta tukuna."

Ya ce, "Kai da wayarka. Mota kuma magana take yi?"

Ramin da ke ƙarƙashin sitiyari

Idan ka leƙa ƙasan sitiyari, wajen gwiwar direba, za ka ga wani soket mai ramuka 16. Sunansa OBD2. Tun daga ƙirar 1996 doka ta wajabta shi a kan duk ƙaramar motar da za a sayar a Amurka. Tarayyar Turai ta bi sahu, motocin fetur daga 2001, na dizal daga 2004. Asalin manufarsa sa ido kan hayaƙin da mota ke fitarwa, amma ta wannan ƙofa kwamfutar motar ke faɗin duk abin da na'urorin jinta suka gaya mata: zafin inji, yawan iskar da ke shiga, gudun juyawar inji, ƙarfin batir, da kuskuren da ta ajiye.

Da can sai babban gareji ke da kwamfutar karanta wannan. Yanzu akwai ɗan ƙaramin adafta mai suna ELM327, bai fi kwalin ashana girma sosai ba, kuɗinsa bai kai na cika tanki ba. Sunan ya samo asali ne daga wani kamfanin Kanada, Elm Electronics, amma galibin na kasuwa kwaikwayo ne daga Sin, don haka ingancinsu ya bambanta. Ana samunsa a Jumia da Jiji da wajen masu kayan wutar mota. Ka gwada shi a motarka kafin ka biya idan da hali.

Yana haɗuwa da waya ta Bluetooth ko WiFi. Mai Android zai iya amfani da manhajar Torque ko Car Scanner. Mai iPhone ya nemi adafta mai WiFi ko mai Bluetooth LE, domin mai tsohon Bluetooth ba ya haɗuwa da iPhone. Da zarar ka sauke manhajar, karanta motar ba ya buƙatar data, ko kana cikin ƙauyukan Kusada inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa.

Ba kowace mota ce za ta amsa ba. Camry da Corolla da Accord 'yan Amurka daga 1996 zuwa sama suna amsawa. Amma Golf 3 'yar Turai, irin wadda ta cika tashoshinmu tana jigila tsakanin Katsina da Kano, ta riga dokar Turai zuwa. Ko da ka ga soket ɗin a jikinta, galibi yarenta na kamfanin Volkswagen ne, sai da wata na'urar daban.

Yadda ake haɗawa

Ka kashe mota, ka soka adaftan. Ka murɗa makulli har fitilun dashbod su kama. Ka buɗe Bluetooth ka haɗa. Idan ya nemi lamba, galibi 1234 ce ko 0000. Ka buɗe manhajar ka zaɓi karanta kuskure. Abin da zai fito harafi ɗaya ne da lamba huɗu. P na nufin inji da giya, C ƙafafu da birki, B jikin mota, U kuma sadarwa tsakanin kwamfutocin motar. Adafta mai araha yawanci na inji kawai yake iya karantawa.

Ga waɗanda aka fi gani a motar da ta sha tafiya:

P0300: inji na tsallake wuta a silinda daban-daban. P0301 zuwa P0304 na nuna silindar da abin ya shafa, ta ɗaya zuwa ta huɗu.

P0171: iska ta yi wa mai yawa. P0172 kuma mai ya yi wa iska yawa.

P0420: matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi, ba ta aiki yadda ya kamata, ko ma an cire ta.

P0128: inji ba ya kaiwa zafin da aka tsara masa.

P0335: matsala a layin na'urar da ke ƙirga juyawar karanshaf. Tana iya sa mota ta mutu idan ta yi zafi ta ƙi tashi sai ta huce.

Kafin ka taɓa komai, ka ɗauki hoton allon wayar. Kada ka yi gaggawar goge lambar. Gogewa ba gyara ba ce, kuma tana share bayanin da kwamfutar ta adana na halin da inji ke ciki a daidai lokacin da kuskuren ya faru.

Lamba ba ta ce ka sayi kaya ba

A motar yayana abin da ya fito shi ne P0171. A nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗi: su rubuta lambar a Google, su ga an ambaci wata na'ura, su tafi Kofar Ruwa a Kano su sayo ta. Lambar tana faɗin alama ne kawai. Iska ta yi wa mai yawa, to me ya jawo? Yana iya zama famfon mai ya raunana, ko matatar mai ta toshe, ko ƙura ta rufe na'urar auna iska, ko kuma iska na shiga ta wata ɓaraka da ba a ƙirga ta ba.

Injin fetur na son kusan kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai, a nauyi. Akwai na'ura a jikin salansa da ke shinshinar hayaƙi tana gaya wa kwamfuta ko an samu daidaito. Idan iska ta yi yawa, kwamfutar na ƙara mai don ta cike giɓin. Manhajar na nuna wannan ƙari da suna STFT da LTFT, na farko na nan take, na biyu na dogon lokaci. A lafiyayyen inji suna yawo kusa da sifili, ba su cika wuce 10 cikin ɗari sama ko ƙasa ba.

Tamu tana tsaye a silo LTFT ya haura 20. Na ce wa yaya ya taka totur ya riƙe a juyi 2,500. Sai ƙarin ya faɗo ƙasa sosai. Wannan ita ce amsar. Ɓaraka tana tasiri ne idan inji na shan iska kaɗan. Da an buɗe totur, iskar da ke satar shiga ba ta zama komai a cikin mai yawa. Da famfon mai ne ya gaza, da akasin haka za a gani: lafiya a silo, ƙarin ya hau idan an taka.

Washegari muka kai ta wajen wani dattijon makanike. Na nuna masa wayar na yi masa bayani. Bai ce komai ba, ya sa aka tayar da ita, ya kasa kunne, ya bi robar da ta taso daga gidan matatar iska zuwa inji yana lanƙwasa ta da hannu. A ƙasanta, inda ido ba ya gani, ta tsage kusan tsawon ɗan yatsa. Zafi da shekaru sun busar da ita. Ya ce, "Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga." Aka canza robar, aka sa sabuwar matatar iska domin tsohuwar ta cika da ƙurar hunturu. Kuɗin duka bai kai rabin na famfon man da aka canza a banza ba.

Abin da waya ta ƙara tonawa

Muna nan na lura zafin ruwan inji ya ƙi wuce digiri 70 ko bayan doguwar tafiya. Yawancin motoci an tsara su yi aiki ne tsakanin digiri 85 zuwa 100. Da aka buɗe sai aka ga babu tamostat, an cire shi tuntuni, an kuma haɗa fanka kai tsaye tana juyawa ba tsayawa. Al'ada ce da ta yaɗu a garejinmu, wai ƙasarmu akwai zafi. Amma inji mai sanyi kwamfuta na ba shi mai fiye da kima, kuma yana saurin cinyewa. Idan mota na zafi, a duba lagireto, murfinsa, famfon ruwa da fanka. Cire tamostat ɓoye ciwo ne. Kuma a riƙa zuba ruwan lagireto na gaskiya, domin ruwan rijiya na barin tsatsa da gishiri a ciki.

Manhajar na nuna ƙarfin wuta ma. Batir mai lafiya yana nuna kusan 12.6 idan mota na kashe. Idan tana kunne ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.7. Idan ya tsaya a 12 da 'yan kai alhali inji na aiki, altaneta ba ta caji, kuma sabon batir ba zai magance komai ba.

Idan kuma P0302 ka gani, ga gwajin da ba ya cin ko sisi a motar da kowace silinda ke da kwayil nata: a musanya kwayil na biyu da na uku, a goge lambar bayan an ɗauki hotonta, a zaga da motar. Idan ta koma P0303, kwayil ɗin ne. Idan ta tsaya a P0302, a duba fulogi, nozul, ko ƙarfin matsin silindar.

Inda waya ba ta gani

Adafta ba ya jin ƙarar boljoyin, ba ya ganin birki ya cinye, bai san tamin bel ya kusa tsinkewa ba. Waɗannan kuwa su ne ke kashe mutane ko su kashe inji. Motar da ke da bel, kamfanoni galibi na cewa a canza shi tsakanin mil 60,000 zuwa 100,000. Idan ba ka san ranar da aka canza naka ba, ka ɗauka lokaci ya yi.

Hayaƙi ma na magana. Shuɗi na nufin inji na ƙona baƙin mai, galibi ringi ko robobin bawul sun gaji. Baƙi na nufin fetur ya yi yawa. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, tare da raguwar ruwan lagireto, alamar gaskit ce. A jikin taya kuma akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019.

Fitilu biyu ba a jayayya da su. Idan jar fitilar baƙin mai ta kama kana tafe, ka faka ka kashe nan take. Idan fitilar cek injin na ƙyaftawa maimakon ta tsaya cak, inji na tsallake wuta sosai, ka rage gudu ka nemi wajen tsayawa.

Ko a nan waya na da amfani. Ka ɗauki sautin ƙarar lokacin da take yi, domin mota ta saba yin shiru da an isa gareji. Ka tura wa makanikenka ta WhatsApp. Ka buɗe shafi a wayarka kana rubuta rana, lambar mita da abin da aka canza.

Idan za ka sayi ta hannu

Ka tafi da adaftanka. Da farko ka murɗa makulli ba tare da tayarwa ba: dole fitilar cek injin ta kama. Idan ba ta kama ba, ƙila an cire ƙwanta. Sannan ka duba shafin gwaje-gwajen da kwamfutar ke yi wa kanta. Idan da yawansu na nuna ba a kammala ba, an goge kuskure ko an cire batir kwanan nan, sai ka tambayi dalili.

Ka kuma duba ko mitar mil take ƙirgawa ko kilomita. Yayana ya shekara biyu yana cewa motarsa ta yi kilomita 230,000, ashe mil ne, wato kusan kilomita 370,000. Motar Amurka za ka iya bincika tarihinta a Carfax da lambar VIN mai haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba, ka ga ko an mayar da mita baya.

Abu biyu na ƙarshe: kada ka bar adaftan a soke idan ka ajiye mota kwanaki, domin soket ɗin na da wuta ko an zare makulli, zai iya shanye batir. Kada kuma ka riƙa kallon waya kana tuƙi. Ka ba na gefenka ya riƙe.

Motar yaya ta yi zuwa Katsina da Dutsin-Ma ba adadi tun daga lokacin, ba ta sake mutuwa a silo ba. Adaftan yanzu yana cikin aljihun dashbod ɗinsa, kuma dattijon makaniken ya sa yaronsa ya sauke manhajar a tasa wayar.