Kiwon Karnuka da Yawa a Gida Ɗaya: Abin da Ya Kamata Mu Sani

Duk wanda ya taɓa bi ta gidajen malamai da asuba, ko ta bayan ɗakin cin abinci bayan an gama tuwon dare, ya san cewa ba mu kaɗai ke zaune a wannan makaranta ba. Akwai karnuka. Wani gida ɗaya ne, wani uku, wani kuwa sai mai gidan ya tsaya ya yi lissafi da yatsu kafin ya faɗi yawansu. Haka abin yake a gidajen iyayenmu da na 'yan ikilisiya da dama. Wasu suna ajiye su domin gadi, wasu domin farauta, wasu domin sayarwa, wasu kuma don ƙauna kawai. Ba mu ga laifin ko ɗaya ba. Amma Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Nufinmu a nan shi ne mu bayyana nauyin da ke kan mai karnuka da yawa, domin kare ɗaya maigadi ne, amma karnuka biyar iyali ne.

Yadda biyu suke zama goma sha biyu

Da wuya a sami wanda ya tashi da niyyar tara karnuka goma. Yawanci abin yana faruwa ne ba tare da shiri ba. Karya tana iya fara neman barbara tun tana wata 6 zuwa shekara 1, kuma yawancinsu suna yin haka sau biyu a shekara. Cikinta kwana 63 ne ko kusa da haka, wato wata biyu da 'yan kwanaki. Bari mu yi ɗan lissafi irin na aji ɗaya. A ce mutum yana da kare da karya. In ta haifi biyar a farkon shekara, ta sake haifar biyar a ƙarshenta, sun zama 12 ke nan. Kafin shekara ta sake zagayowa, matan da ke cikin haihuwar fari su ma sun isa ɗaukar ciki.

Mai gida yakan ce zai rabar da 'yan kwikwiyon. Amma bai kamata a raba kwikwiyo da uwarsa ba sai ya kai mako 8, kuma kafin lokacin yara sun riga sun raɗa wa kowanne suna. Waɗanda suka yi alkawarin karɓa kuwa, namiji suke so. Da haka mata suke taruwa a gida, haihuwa kuma ta ci gaba.

Abinci da ruwa

Kare ɗaya yana iya rayuwa da ƙanzo da sauran tuwon da iyali suka bari. Amma sauran tuwon gida ɗaya ba ya ƙaruwa don karnuka sun ƙaru. Da zarar sun kai huɗu ko biyar, dole a ɗora musu tasu tukunya, wato masara ko dawar da za ta shiga cikin yara ita ce za a raba da su. Tuwo kaɗai kuma ba ya riƙe kare, musamman mai shayarwa da ɗan da ke girma. Suna bukatar abin gina jiki, kamar kifi, ko tarkacen nama daga mahauta, ko dafaffen waken soya.

Akwai abubuwan da muke ci lafiya amma suna cutar da kare. Albasa mai yawa tana lalata masa jini. Cakulan da goro suna da wani sinadari da jikinsa ba ya iya fitarwa da wuri. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soke shi a maƙogwaro ko a hanji. Game da ruwa kuwa, karen da nauyinsa ya kai kilo 15 yana bukatar kusan lita 1 a rana, har fiye da haka a bazara.

A nan muna so mu ja hankalin 'yan makaranta. Karnukan da suka saba da ragowar abincin ɗakin cin abinci suna ƙiba a lokacin karatu. Ranar da aka yi dogon hutu aka rufe kicin, sai yunwa ta kore su zuwa juji da gidajen mutane. Wanda ya ɓoye kwikwiyo a bayan ɗakin kwana yana ba shi rabin wakensa, sa'an nan ya ɗauki akwatinsa ya tafi gida, bai yi masa alheri ba.

Zamansu da juna

Halin kare shi kaɗai dabam, halinsa cikin 'yan'uwansa dabam. Karen da ba ya iya tunkarar akuya shi kaɗai, in ya ga uku suna bin ta zai zama na huɗu. In ɗaya ya fara haushi da tsakar dare, sauran sai su karɓa ko ba su ga kome ba. Abubuwa uku ne suka fi haɗa su faɗa: abinci, da wurin kwana, da karya mai neman barbara. Wannan na ƙarshe yakan ɗauki mako biyu zuwa uku, kuma a lokacin karnukan unguwa duka za su yi sansani a ƙofar gida.

Saboda haka kowane kare ya sami nasa kwano, a ajiye su nesa da juna, a kuma tsaya har su gama, in ba haka ba mai ƙarfi zai cinye na tsoho da na ƙarami. In faɗa ya kaure, kada kowa ya sa hannu a tsakaninsu, gama a wannan lokaci kare ba ya gane ubangidansa. A watsa musu ruwa, ko a sa faifan katako a raba su. Ɗaure kare da sarƙa dare da rana ba magani ba ne, ƙara masa zafin rai yake yi. Abin da ya fi shi ne shinge mai kyau da inuwa, da sake su su motsa jiki a lokacin da akwai mai lura da su.

Har wa yau, kare yana koyon biyayya ne daga mutumin da ke ba shi lokaci. Wanda ke da ɗaya yana iya koya masa zuwa in an kira shi. Wanda ke da shida, in bai ware wa kowanne lokacinsa ba, za su riƙa bin junansu maimakon su bi shi.

Cuta

Inda dabbobi suka yi yawa a wuri ɗaya, cutar ɗaya ta kowa ce. Kaska da ƙuma da ƙazuwa suna bi daga wannan zuwa wancan. Kaska ba jini kawai take sha ba, tana sa wa kare zazzaɓi da ƙarancin jini. Akwai wata cutar amai da zawon jini da ake kira fabo, wadda ta bazu a duniya a 1978. Tana iya kashe 'yan kwikwiyon haihuwa ɗaya cikin 'yan kwanaki, ƙwayarta kuma tana yin watanni a ƙasa ba ta mutu ba. Akwai allurar rigakafinta, kuma ta fi jinya sauƙi.

Tsutsar ciki ta shafe mu kai tsaye. Ƙwanta yana fita cikin kashin kare ya zauna a ƙasa, ƙananan yara masu wasa da ƙasa su kai shi baki. Don haka a riƙa kwashe kashin kowace rana ana binnewa, a kuma ba manyan karnuka maganin tsutsa kamar kowane wata uku. Wanda ke da karnuka biyar ya sani cewa kowane magani sau biyar zai saya, domin in ya yi wa huɗu ya bar ɗaya, wannan ɗayan zai mayar wa sauran. Kada a shafa wa kare baƙin mai ko maganin feshin gona don kashe kaska, kada kuma a ba shi maganin mutane sai da izinin likitan dabbobi.

Haukan kare

Wannan ita ce babbar magana, gama ta shafi rai. Haukan kare ba iska ba ne, ba kuma sammu ba. Ƙwayar cuta ce da ke cikin yawun dabbar da ta kamu. Tana shiga ta wurin cizo ko yaƙushi, ta bi jijiya har ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum kusan 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya. Kusan duka daga kare suke samunta, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, wato sa'o'in ƙannenmu da 'yan ƙananan azuzuwa.

Muguntar cutar ita ce tana ɓuya. Yawanci takan yi wata biyu zuwa uku kafin ta bayyana, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. Ciwon ya warke, kowa ya manta. Amma da zarar alamunta sun fito, kamar tsoron ruwa da ruɗewa, kusan ba mai tashi. Kuma ba kowane mahaukacin kare ne ke gudu yana cizo ba. Wani yakan yi shiru ne, muƙamuƙinsa ya saki, yawu yana zuba, har a zaci ƙashi ne ya maƙale masa a sa hannu a bakinsa.

Allah cikin jinƙansa ya ba mutane hikimar rigakafi. A watan Yuli na 1885 wani masani Bafaranshe, Louis Pasteur, ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya ciza allura, yaron kuwa ya rayu. Domin tunawa da shi ne ake kiyaye 28 ga Satumba, ranar rasuwarsa, a matsayin ranar yaƙi da wannan cuta. A ƙasarmu, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda take wurin tun 1924, tana cikin masu yin allurar karnuka. Ana yi wa kwikwiyo yana wata 3, sa'an nan a riƙa maimaitawa kowace shekara. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. A 2015 hukumomin lafiya na duniya suka sa burin kawar da mutuwar mutane ta wannan hanya kafin ƙarshen 2030. Mai karnuka shida da bai yi musu allura ba, ƙofa shida ya buɗe wa cutar a unguwarsu.

In kare ya ciji wani, ga abin yi:

1. A wanke wurin nan da nan da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15.
2. A kai shi asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne. Kada a tsaya neman gashin karen ko maganin gargajiya.
3. In karen na gida ne, a killace shi a lura da shi kwana 10, a kuma sanar da likitan dabbobi. Kada a jira kwanakin su cika kafin a je asibiti.
4. Ɗan makaranta ya gaya wa malamin ɗakin kwana ko mai jinya. Kada tsoron horo ya sa ya ɓoye.

Maƙwabta

Karnukanmu ba su san iyakar gida ba. Sukan kashe kaji da zabi, su kori akuya, su tone kunya a gona, su tsorata yaron da aka aika. Maganar da ta fara da kaza ɗaya takan kai gaban mai unguwa ko dattawan ikilisiya. Da yawa daga cikin maƙwabtanmu Musulmi ba sa son kare ya shiga gidansu ko ya sa baki a tukunya ko buta, kuma ya kamata mu girmama wannan. Ba shi da amfani mu yi wa maƙwabci wa'azin ƙauna ranar Lahadi alhali karnukanmu sun hana shi barci dukan mako. In sun yi ɓarna, mu riga shi zuwa, mu ba da haƙuri, mu biya.

Shawararmu

Kafin mu ƙara kare, mu tambayi kanmu: Muna iya ciyar da shi ba tare da an rage kwanon yara ba? Muna iya yi masa allura kowace shekara? Muna da shinge? Wa zai kula da shi in mun yi tafiya? Kare yakan yi shekara 10 zuwa 13 a duniya, wato wanda aka kawo muna aji ɗaya zai iya kaiwa har mu gama jami'a. Malamai da fastoci kuma su tuna ana canja musu wurin aiki. Yawancin karnukan da ke yawo ba mai su, dā suna da gida.

In ba ma son haihuwa, likitan dabbobi yana iya fiɗiye namiji, ya kuma yi wa mace aikin da zai tsayar da ita. Sabon kare, ko kyauta ne ko daga kasuwa irin ta Dawaki a Ƙaramar Hukumar Kanke, inda ake tara karnuka daga wurare da yawa, a ware shi kamar mako biyu, likita ya duba shi kafin ya haɗu da sauran. Kowane kare ya sami katinsa na allura, a ajiye shi tare da takardun gida.

Allah ne ya halicci dabbobi, ya kuma danƙa mana kiwonsu amana. Kare ba ya iya cewa yana jin yunwa ko ciwo, mu ne za mu gani. Karnuka biyu ƙosassu masu allura sun fi goma ramammu gadin gida, sun kuma fi su barin mu lafiya da maƙwabta. Ga waɗanda za su tafi hutu, muna roƙo ku tambayi iyayenku yaushe aka yi wa karnukan gida allura. In ba wanda ya tuna, lokaci ya yi ke nan.

Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon abin da ya sa a hannunmu. Amin.